Wayar Kefas a Kan Tudu

Akwai wani manomi a wani ƙauye da ke tsakanin tudu da rafi, sunansa Irmiya, yana da ƙane ana ce da shi Kefas. Da mahaifinsu ya tsufa, sai ya kira su zai raba musu gona, ya ce babba ya fara zaɓa. Irmiya ya zaɓi fadama, baƙar ƙasa mai laima wadda ko da rani ba ta bushewa. Kefas ya ɗauki abin da ya rage, wato tudu, jar marmara da tsakuwa, inda gero ke fitowa kamar sai da aka roƙe shi. Irmiya ya yi wa ƙanen nasa jaje a gaban mutane, ya kuma yi shekaru yana jin daɗin wannan jaje.

Ban da uwa da uba, akwai abu guda da ya haɗa su, wato rediyo. Ba irin wadda ake kunnawa a ji labarai ba. Wannan irin wadda mutum ke cin jarrabawa a ba shi lasisi ce, ya kafa eriya a gidansa, ya riƙa magana da masu irin lalurarsa a wasu ƙasashe. Tare suka koya, tare suka ci jarrabawar, kuma ba wanda ya fi wani sanin abin, ko da yake kowannensu yana da nasa ra'ayin a kan wannan batu.

Irmiya ya kafa doguwar sandar ƙarfe a tsakiyar fadamarsa, har ta kere giginyar bakin rafi. A gindinta ya binne wayoyi, suka bazu ko'ina kamar saiwa. Irin wannan sanda tana son ƙasa mai laima, saboda haka in Irmiya ya danna makirufo ya yi tari, ana jin tarin a ƙasashen da bai taɓa takawa ba. Aibinta guda ne: ba ta da gaba, ba ta da baya. Abin da ya zo daga gabas da abin da ya zo daga yamma duk ɗaya ne a wurinta. Ga shi kuwa a yamma akwai gari, da janaretocinsa da injinan niƙa da masu walda. A zangon rediyon da 'yan'uwan ke magana a kai, wanda ake kira mita tamanin, duk wannan tarkace yana shiga rediyo ya zama ƙara, kamar ruwan sama a kan rufin kwano. Mai babbar murya yakan ratsa. Mai ƙaramar murya nutsewa yake yi.

Kefas ma ya gwada sanda a kan tudunsa, amma busasshiyar ƙasa ta shanye muryar, da ƙyar take kaiwa rafi. Sai ya haƙura da baki, ya koma neman kunne. Ya sari gora ya kakkafa a jere, ya ja doguwar wayar tagulla a kansu, tun daga bayan ɗakinsa ta miƙe gabas, ta gangara har iyakar gonarsa da ta wansa. Wayar ba ta da wani tsayi daga ƙasa, iyakarta saniya ta wuce ƙarƙashi ƙahonta bai taɓa ba. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka shanya ce ta mai iyali da yawa.

Irin wannan waya kuwa ƙasa maras kirki take so. Muryar da ke tahowa daga nesa a tsaye take tafiya, kamar mutum. In ta hau busasshiyar ƙasa, sai ƙasar ta riƙe mata ƙafa, ta ɗan sunkuya gaba, ta jingina a kan wayar, tana taruwa kaɗan-kaɗan har ta iso ɗaki. A kan ƙasa mai laima ba abin da ke riƙe ta, sai ta wuce a miƙe, ko gaisawa da wayar ba ta yi.

Amma babban aikin yana can ƙarshen wayar, a bakin iyaka. A nan Kefas ya haƙa rami, ya buga rodi a ciki, ya zuba gawayi da gishiri, ya mai da ƙasa. Tsakanin wayar da rodin ya sa wani ɗan abu kamar ƙwayar gyada, wanda masu gyaran rediyo ke kira resista, ya ɗaure da noti. Hayaniyar gari, wadda ke tasowa daga baya, ita ma tana hawa wayar, amma can ƙarshen take nufa. In ta isa ta tarar da resista da rodi, sai ta shige ƙasa, shi ke nan. In babu su, sai ta bugi ƙarshen wayar ta juyo, ta dawo cikin kunnen mai saurare. Rodin kuma ba ya aiki a busasshen rami, don haka Kefas yakan sauko da bokitin ruwa ya zuba masa.

Irmiya yakan tsaya a nasa gefen iyakar yana kallo.

"Kefas, ƙarfen naka ya fara tofo kuwa?"

"Tukuna, Yaya. Amma yana ji."

Irmiya yana da 'ya guda, Tabita, wadda ya koya wa rediyo tun tana ƙarama har ta sami nata lasisin. Da ta gama karatun jinya, aka tura ta wani ƙaramin asibiti can gabas mai nisa, cikin duwatsu, inda wayar salula ba ta da wani amfani sai haska hanya. Ta tafi da 'yar rediyonta mai aiki da batir. Suka shirya cewa kowace Lahadi, in rana ta kusa faɗuwa, ita za ta fara magana, in ta gama ubanta ya amsa.

Tabita tana jin ubanta kamar yana tsaye a kanta. Ubanta kuwa ba ya jin komai sai injin niƙa. A kan tudu ne muryarta ke sauka, siririya amma tas, a ɗakin Kefas.

Saboda haka kowace Lahadi matar Irmiya, Briskila, takan ɗaura ɗankwali ta hau tudu ta ji 'yarta, ta sauko wa mijinta da labari bayan ya riga ya gama nasa jawabin. Hirar uba da 'ya kullum tana makara da mako guda. In Tabita ta ce tana zazzaɓi, sai ta warke sannan a yi mata sannu.

"Baban Tabita, ka tashi mu hau tare mana," in ji Briskila.

"Gwiwata."

Gwiwar nan ba ta hana shi noma ko zuwa kasuwa. Ran Lahadi da yamma kawai take tashi.

Kefas kuma, a faɗi gaskiya, bai wahalar da kansa wajen ɓoye jin daɗinsa ba. In sun haɗu a ƙofar majami'a sai ya ce, "Yaya, ran nan mun ji ta kamar tana cikin ɗakin. Har zakaran maƙwabtansu muka ji." Irmiya ya ce madalla, da irin muryar da ake karɓar gaisuwar rashi.

Ba wayar ce ta fi cin ransa ba. Briskila ta taɓa faɗa masa, ba da wata manufa ba, cewa kullum in Tabita za ta fara magana sai ta kira Kefas ta ce, "Baba Ƙarami, kana ji na?" Wannan kalma ta zauna masa a ƙirji. Shi ya haife ta, shi ya koya mata riƙe makirufo, amma sunan wani take kira. Ya riƙa ɗaga kai yana kallon tudun da ya bar wa ƙanensa da hannunsa, yana jin kamar an cuce shi a rabon gado, ko da yake ya kasa gano wanda ya cuce shin.

Wata Lahadi Briskila ta sauko ta ce, "Yarinyar nan ta ce tana da magana. Amma ba za ta ba da saƙo ba. Ta ce sai ranar da kake ji da kunnenka."

"Wace magana?"

"Da ta faɗa ai da ta zama saƙo."

Tudun yana nan inda yake, hanyar hawansa ma ba a toshe ta ba. Amma Irmiya ya zaɓi ya ja tasa wayar a fadama. Ya sa ta fi ta Kefas tsawo, ta fi ta kauri, ya kuma kafa ta a kan ƙarafa maimakon gora. Ya san sarai irin wannan waya ba ta son ƙasa mai laima, don shi da bakinsa ya taɓa bayyana wa Kefas dalili. Sai dai ya ga kamar dokar za ta ɗan yi sassauci, tun da shi ne babba. Tun kafin ya gama ɗaure ta, ya danna makirufo ran Lahadi ya yi shela.

"Tabita, mako mai zuwa ki faɗi maganarki. Na ja wayata, ta fi ta baffanki ta kowace fuska. Zan ji ki da kunnena, a gidana."

Da ya gama aikin ya haɗa ta da rediyo, wayar ta yi shiru irin na mai ladabi. Manyan tashoshi ma da ƙyar take kawo su, balle 'yar rediyo mai batir. Ya ƙara mata tsawo, ya rage mata tsawo, ya sauke ta, ya ɗaga ta. Fadama ta ci gaba da zama fadama.

Ran Lahadi bayan an tashi daga sujada, ya zauna a ƙofar gida yana tunani. In yamma ta yi, shi ba zai ji ba, Kefas zai ji. Briskila za ta sauko da maganar da aka ce ta uba ce kaɗai, kowa kuma zai san cewa uban ya yi shela a banza. Amma in ba wanda ya ji, to sai a ce sararin sama ne bai yi kyau ba, abin da masu rediyo kan faɗa duk lokacin da laifin nasu ne.

Ya ɗauki filaya, ya bi ta cikin shinkafarsa, ya haura iyaka. Ya san abin da zai taɓa, ilimi ya yi masa wannan amfanin. Ya sassauta notin nan, ya janye resistar daga jikin rodi kamar faɗin yatsa. Bai yanke komai ba, bai ɗauki komai ba. Ya koma gida da lamiri mai tsabta daidai gwargwado.

Da rana ta kusa faɗuwa ya zauna gaban rediyonsa. Cikin ƙarar nan yana jin wani abu kamar murya, tana hawa tana sauka, ta daɗe tana yi, amma ko kalma guda bai tsinta ba. Da abin ya yi shiru, ya san layinsa ne. Ya ɗauki makirufo ya danna.

"Tabita, na ji ki rangaɗau."

Daga nan ya ba ta labarin shinkafa, da akuyarsu da ta haifi biyu, ya ce ta riƙa kwana cikin gidan sauro, ta kuma dage da addu'a. Ya sa mata albarka, ya kashe rediyo.

Briskila ta sauko fuska ba walwala. "Yau gari kawai muka ji. Kamar an kawo mai walda cikin ɗakin. Kefas ya ce wataƙila sama ce. Kai ka ji ta?"

"Na ji."

"Me ta ce?"

"Magana ce tsakanin uba da 'ya."

Ta ce, "To, madalla," ta tafi zuba tuwo.

Washegari Kefas ya sauko da bokitinsa, ya ga notin a sassauce, ya kuma ga sawun baƙin taɓo a kan jar marmara, ya fito daga fadama ya koma fadama. Ya ɗaure notin, ya zuba ruwa, ya koma gida bai ce wa kowa komai ba.

Lahadi ta zagayo. Wayar tudu ta koma tas kamar da, amma ba Tabita a kanta. Wata Lahadin ta biyo, haka. Irmiya yana ta jawabinsa daga fadama, bai ma san ba kowa ba sai in Briskila ta sauko ta girgiza kai. Ta daina cin abinci sosai, ta daina waƙa in tana wanke-wanke. Ran nan ta ajiye masa kunu, ta ƙi tafiya.

"Baban Tabita, me yarinyar nan ta faɗa maka, kai kuma me ka ce mata?"

Ya juya ludayi a cikin kwano, ya sake juyawa. "Ban ji ta ba."

"Na sani. Jira nake in ga ko kai ma ka sani."

Da safe ya tafi bakin iyaka, ya tarar da Kefas a tsugune yana zuba wa rodi ruwa.

"Kefas."

"Yaya."

"Ƙarfen ya tofo?"

"Ya kusa. Kwanaki ma wani ya zo ya taya ni duba shi. Har ya bar mini taɓon fadama a gindinsa, ban sani ba ko taki ne."

Irmiya ya dubi shinkafarsa, ya dubi sama, bai sami taimako a ko ɗaya ba. "Ni ne."

"Na gane sawun, Yaya. Takalmin da na ba ka ne da Kirsimeti." Kefas ya juye sauran ruwan, ya miƙe. "Ni dai ina ganin tana kunna rediyon, magana ce ba ta yi. Tawa muryar ba ta wuce rafi. Taka ce ke kaiwa."

"In ce mata me?"

"Abin da ka faɗa mini yanzu. Ka ɗan ƙara."

"Ka san duk masu rediyon ƙasar nan suna kan zangon nan ran Lahadi."

"Suna kai. Ai kai ka gina sandar da za su ji ka da kyau."

Ran Lahadi, da inuwar giginya ta miƙe har ta haye rafi, Irmiya ya danna makirufo. Bai yi maganar shinkafa ba.

"Tabita, ubanki ne. Ran nan na ce na ji ki. Ban ji ba. Tun da kika tafi ban taɓa jin kalma guda daga bakinki ba. Baffanki ma bai ji ki ba ranar, don ni na kwance masa waya. In kina nan, ki ba ni lokaci in hau tudu. Kin san gwiwata."

Ya kashe rediyo ya kama hanya. Gwiwar, wadda ta daɗe tana ƙarya, a ranar ta yi ciwo da gaske. Ya isa ɗakin Kefas yana haki, Briskila ta matsa masa a kan benci, Kefas ya miƙa masa abin sawa a kunne, ya bar lasifika a buɗe don su ma su ji. Abin da ya fara ba shi mamaki shi ne shirun. Kamar mutum ya baro kasuwa ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Suka zauna suna jira, ba mai kallon wani.

Can sai ga siririyar murya. "Baba Ƙarami, ya iso?"

Irmiya ya ɗan runtse ido, amma bai cire abin daga kunnensa ba.

"Baba, in ka iso, ga maganar. Akwai wani malamin makaranta a nan, sunansa Nehemiya. Yana so ya turo iyayensa wurinka. Na faɗa maka ran nan, ka ce ka ji, sai ka ba ni labarin akuya. Na ɗauka amsar ke nan."

Briskila ta sa bakin zane ta rufe fuska. Irmiya ya miƙa hannu zai ɗauki makirufon da ke kan tebur, Kefas ya dafe shi a hankali.

"Wannan ba ya kaiwa, Yaya."

Sai Irmiya ya tashi, ya sake gangara tudun da ya hawo yanzun nan. Waɗanda ke ɗakin suka yi ta jira, wadda ke cikin duwatsu ma ta yi ta jira. Daga baya muryarsa ta cika ɗakin, rabinta haki.

"Tabita, wannan karon na ji. Ki ce su zo. Akuyar ma tana nan, za ta yi amfani."

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali.

Sandar fadama bakinmu ne. Yawancinmu Allah ya ba mu irinta, kuma muna kula da ita sosai. Ban taɓa jin wanda ya yi kukan cewa addu'arsa ba ta da ƙara ba. Ubangiji yana jin mu sarai, har da tarin. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne kunne. Mukan durƙusa mu ce, "Na ji ka, ya Ubangiji," sannan mu ba shi labarin akuya, mu ce amin, mu tashi. Haka muke yi wa matanmu da mazanmu da 'ya'yanmu. Sai ranar da suka daina magana mu fara tambayar abin da ya same su.

Wayar tudu kuwa zuciya ce mai saurare. Ku lura ba ta da tsayi, ba ta da kyan gani, kuma a kan ƙasar da aka yi wa jaje take aiki. Muryar da ta zo daga nesa a wurin busasshiyar ƙasa take sunkuyawa. Ban ce ku je ku nemi wahala ba, ita ta san hanyar gidan kowa. Na ce dai in rabonka tudu ne, kada ka yi saurin karɓar ta'aziyya.

Amma wayar ba ta ji don tsawonta kawai. Tana ji ne domin a ƙarshenta akwai wurin da take zubar da abin da ya biyo ta ta baya. Kowannenmu yana da gari a bayansa mai injinan niƙa: abin da wane ya faɗa a taron kwamiti, wanda aka ba jagorancin waƙa aka tsallake ka, kujerar da aka ba wata a zumuntar mata, ɗan maƙwabci da ya sami aiki naka yana zaune. Ba za ka hana su hawa wayarka ba. Abin da ke hannunka shi ne ko za su shige ƙasa, ko za su bugi ƙarshe su dawo maka cikin kunne. Rodin da ke shanye su shi ne gafara da godiya, kuma a binne yake, ba wanda zai yaba maka shi. Yana kuma bushewa. Wanda ya gafarta bara ya ɗauka ya gama, ya je ya duba raminsa.

Sai hassada. Mutane suna tsammani hassada babban zunubi ne mai wuƙa da jini, don haka kowa yana ganin ba shi da ita. A cikin ikilisiya ba ta cika zuwa da wuƙa ba. Da filaya take zuwa, bayan an tashi daga sujada. Ba ta yanke komai, ba ta ɗaukar komai. Kalma guda ce a kunnen mai unguwa, ko shiru a lokacin da ya kamata ka yabi ɗan'uwanka, ko "madalla" da muryar makoki. Faɗin yatsa kawai. Kuma ba jahilci ke kawo ta ba, don Irmiya ya san notin da zai taɓa ne saboda ya yi karatu.

Ku dubi kuma abin da ya kwance. Ya ɗauka wayar ƙanensa ce. Ashe ita kaɗai ce hanyar da muryar 'yarsa ke shigowa gidansa. Allah bai ba kowa fadama da tudu a haɗe ba, kuma ga alama da gangan ya yi. Baiwar ɗan'uwanka da ke hana ka barci, sau da yawa ta nan ne naka saƙon zai biyo. In ka lalata ta, shi zai ɗaure notinsa da safe ya ci gaba. Kai ne za ka zauna kana jawabi ga wanda ya daina amsawa.

Masu hali irin na Kefas ma kada su fita suna murmushi. Da ya rage labarin zakaran maƙwabta a ƙofar majami'a, da wataƙila wansa ya hau tudun tun da wuri. Mai kunne shi ma ba ya haye rafi sai da bakin wani.

Ba zan ce muku Irmiya ya warke sarai ba, don ba na so in yi ƙarya a gidan Allah. Har yanzu yakan ce da mahaifinsu ya yi bayani sosai ranar rabo, da tudun ya zaɓa. Yakan ce bencin Kefas yana sa masa ciwon baya. In Tabita ta fara da "Baba Ƙarami", fuskarsa takan ɗan canja. Amma kowace Lahadi yana hawa ya ji, ya sauka ya amsa. Bokitin ruwan nan kuma, tun da rafi ya fi kusa da gidansa, yanzu shi ke kai wa rodin.

Saboda haka in kun fita yau, kafin ku gaisa da kowa a ƙofa, kowa ya ɗan duba takalminsa. In ka ga taɓon gonarka ya bi ka har iyakar ɗan'uwanka, ka koma ka ɗaure abin da ka sassauta tun rana ba ta faɗi ba. Mai yiwuwa yau ne za a faɗi maganar da ka daɗe kana jira.